Ta ina sabon shiga zai fara koyon dabarun wasan foka?

Ɗalibi a Ingila:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina karatun digiri na biyu a fannin ƙididdiga a wata jami'a da ke arewacin Ingila, kuma a wannan zangon malamin da ke koya mana lissafin yiwuwar aukuwar abubuwa ba ya rabuwa da kawo misali daga wasan karta na foka, musamman nau'in da ake kira Texas Hold'em. Wannan ne ya sa mu takwas 'yan aji ɗaya muka fara haɗuwa duk daren Asabar a ɗakin girki na masaukinmu muna gwadawa. Tun farko ina so in bayyana cewa ba ma sa ko sisin kwabo. Kowa ana ƙirga masa kwabban roba na maki 1,000, idan an tashi a mayar da su akwati.

Ga wanda bai san wasan ba, katunan 52 ne, dangi huɗu, kowane dangi kati 13. Ana ba kowa kati biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiyar tebur waɗanda kowa ke da rabo a cikinsu: uku a tashi ɗaya, sai na huɗu, sai na biyar. Kafin kowane buɗi, da kuma bayan na ƙarshe, akwai zagayen zubi, inda mutum zai janye, ko ya biya daidai abin da aka zuba, ko ya ƙara a kai. Wanda ya haɗa biyar mafi ƙarfi shi ke kwashe tulin tsakiya, sai fa idan kowa ya janye ya bar masa tun kafin a kai nan.

Makonni shida ke nan kullum ni ne na farko ko na biyu da kwabbansa ke ƙarewa, alhali a jarrabawar lissafi ba na bayan kowa a cikinsu. A makon jiya an ba ni Sarki da 7 daga dangi daban-daban, ni ne kuma na farkon magana, sai na biya. Wata 'yar ajinmu da ke kujerar ƙarshe ta ƙara, na bi ta. Aka buɗe Sarki da 9 da 4, na ga na sami tagwayen Sarki, na bi ta har ƙarshe da duk abin da ke gabana, sai ta buɗe As, wato katin da ya fi kowane girma, da Sarki. Ina neman wanda ya san abin ya nuna mini inda sabon shiga ya kamata ya fara.

Malamin Lissafi:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kuskurenka ba a ƙarshen wasan yake ba, tun a zubin farko ka yi shi, lokacin da ka ga Sarki a hannunka ka ji kamar ka riƙe wani abu. Kati biyu daga cikin 52 suna iya haɗuwa ta hanyoyi 1,326, idan kuma aka dunƙule masu ƙarfi iri ɗaya sai su koma nau'i 169: tagwaye 13, 'yan dangi ɗaya 78, 'yan dangi daban 78. Mafi yawansu tarkace ne a tebur mai mutum takwas, domin ba da mutum ɗaya kake karawa ba, da mafi kyawun hannu cikin bakwai kake karawa.

Dubi abin da ya same ka da kyau. Sarki da 7 a gaban As da Sarki ba ya cin nasara sai kusan sau ɗaya cikin huɗu tun kafin a buɗe komai. Abin da ya fi muni shi ne, fitowar Sarki a tsakiya ita ce ta ɗaure ka, don ta ba ka hannun da kake jin kunyar yarwa, alhali ita ma ta sami tagwayen, kuma katinta na biyu ya danne naka. Daga nan babu mai cetonka sai 7 guda uku da suka rage, kuma yiwuwar ɗayansu ya fito a buɗi biyun da suka rage ba ta wuce kashi 13 cikin 100 ba. Irin waɗannan hannaye, wato babban kati tare da ƙarami, idan sun ci kaɗan suke ci, domin wanda ba shi da komai zai janye. Idan kuma sun faɗi, da duk dukiyar mutum suke tafiya.

Shawarata ta farko ba ta da daɗin ji. Ka janye daga kusan hannu huɗu cikin kowane biyar tun kafin buɗin farko. Idan kana cikin masu fara magana, kada ka shiga sai da tagwaye masu ƙarfi, ko As da Sarki, ko As da Sarauniya, da makamantansu. Idan kuma hannun ya cancanci shiga, ka shiga da ƙari, kamar ninki uku na babban zubin dole (wato mafi girma cikin zubi biyu da ake wajabta wa mutum biyu kafin a raba kati), maimakon ka biya kawai ka jira. Mai ƙari yana da hanyoyin ci biyu, ko su janye ko ya fi su kati. Mai biya kawai hanya ɗaya gare shi. Tagwayen As da kake jira sau ɗaya suke zuwa cikin rabo 221, tagwaye na kowane iri kuma sau ɗaya cikin 17, saboda haka zaman jira zai yi tsawo, kuma a wannan zaman ne za ka koyi halin abokan wasanka.

Kawu daga Zariya:

Allah ya gafarta Malam, ban so a ci gaba da wannan bayani ba tare da wani ya faɗi abin da ke ran da yawa daga cikinmu ba. Wasan nan tushensa caca ne, gidajen caca suka raine shi, kuma duk ƙa'idojin da Malam ya kawo an gina su ne a kan yadda za a raba mutum da abin hannunsa. Ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida sun haɗa caca da giya wuri ɗaya, suka kuma faɗi illarsu a fili, wato jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane da shagaltar da su daga ambaton Allah da salla. Na ji yaron nan ya ce ba sa sa kuɗi, kuma na gaskata shi. Amma ko a kan karta ba tare da kuɗi ba malamai sun yi saɓani: wasu sun hana, suna kiyasi da hadisin da ya zo a kan wasan nardi, wasu sun sassauta da sharaɗin babu kuɗi, babu tozarta salla, babu ɓata lokaci mai yawa. Ɗana, kana ƙasar da shagunan caca suke a bakin titi kamar shagunan shayi, kuma wayar da ke aljihunka ma ƙofa ce. Abin da nake tsoro shi ne ranar da za ka ji ka ƙware, wani ya ce a sa fam biyar kawai don wasan ya yi armashi.

Ɗalibi a Ingila:

Kawu, na gode, kuma na karɓi wannan nasiha hannu biyu. Mun yi sharaɗi tun ranar farko cewa duk ranar da wani ya fito da kuɗi, ni da wani ɗan'uwa daga Malesiya mun bar teburin, kuma na sake jaddada musu hakan a yau bayan na karanta saƙonka. Zan kuma tambayi limamin masallacinmu a nan game da saɓanin da ka ambata. Abin da ya ja ni shi ne yadda ake yanke shawara alhali ba a ga duk abin da ke ɓoye ba, domin a kan haka nake son rubuta kundina.

Injiniyar Kwamfuta:

Kawu ya faɗi gaskiya, kuma a kan sharaɗin da ƙanena ya ambata zan yi magana. Malam ya taɓo wani abu a gurguje wanda ni a ganina ya kai zaɓen kati muhimmanci, wato wurin zama. A hannun da ka ba da labari, kai ne na farkon magana, ita ce ta ƙarshe. Ma'anar haka ita ce a kowane zagaye bayan buɗin farko sai ta ga abin da ka yi kafin ta yanke nata hukunci, kai kuwa a cikin duhu kake tafiya. Idan ka nuna rauni ta matsa maka, idan ka nuna ƙarfi ta sami damar janyewa da ƙaramar asara, idan kuma tana jiran wani kati tana iya wucewa ba tare da zubi ba ta gan shi kyauta. Wanda ya taɓa ciniki a kasuwa ya san bambancin wanda ya fara faɗin farashi da wanda ya saurara tukuna.

Saboda haka ƙa'idar janyewa daga huɗu cikin biyar matsakaici ne kawai. A kujerun farko ka fi haka tsanani, a kujerar mai rabo kuma, wadda ita ce ta ƙarshen magana bayan buɗin farko, idan kowa ya janye kafin a zo kanka, kana iya buɗe wasa da hannaye da yawa waɗanda da a kujerar farko ne da ka yar da su, kamar 9 da 8 na dangi ɗaya ko ƙananan tagwaye. Game da ƙananan tagwayen ma akwai lissafi: suna zama 'yan uku a buɗin farko kusan kashi 12 cikin 100 ne kawai, wato sau ɗaya cikin takwas da rabi. Don haka ba a biyan ƙari da su sai idan abin da ke gaban abokin karawa ya ninka abin da za ka biya sau goma sha, ta yadda ranar da suka faɗa daidai za ta rufe asarar sauran ranakun. Idan ba su faɗa ba, ka yar da su ba tare da jayayya da zuciyarka ba.

Ɗan Kasuwar Kwari:

Malam da Hajiya, ku yi mini afuwa, amma ina ganin kun mayar da wasan lissafin allo. Na kalli gasar da ake yi a Las Vegas a talabijin sau da yawa, kuma abin da na gani shi ne mai ƙarfin hali ke ci, wanda zai tura duk abin da ke gabansa ba shi da komai, ya zuba wa abokinsa ido har ya janye. Idan yaron nan ya zauna yana yar da kati dare guda, abokansa za su gane cewa duk lokacin da ya shiga yana da babban hannu, sai su gudu su bar shi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ni da za a bi tawa, burga da karanta fuska zai fara koya, domin a kasuwa ma wanda ya iya karanta fuskar mai saye shi ke cin riba.

Malamin Lissafi:

Alhaji, a maganarka akwai gaskiya guda ɗaya babba, ita ce wanda ba ya burga ko kaɗan an gama karanta shi. Amma abin da talabijin ke nunawa 'yan hannaye ne da aka tsamo daga wasan kwanaki, ba a nuna sa'o'in da waɗannan mutane suka shafe suna janyewa. Burgar ma kanta lissafi ce. Idan tulin tsakiya 200 ne ka zuba 100 ba ka da komai, kana kasadar 100 don ka sami 200, saboda haka dole abokinka ya janye fiye da sau ɗaya cikin uku kafin abin ya biya ka. Idan ka zuba 200 cif, sai ya janye fiye da rabin lokaci. Tambayar da sabon shiga zai yi wa kansa ita ce, shin wannan mutumin yana janyewa kuwa? A teburin 'yan koyo amsar yawanci a'a ce, don kowa yana son ya ga ƙarshen abin da idonsa. Burga a gaban wanda ba ya janyewa zubar da kwabbai ne. Irin wannan mutum, idan ka sami hannu mai kyau, sai ka yi ta zuba masa da yawa, shi kuma zai yi ta biya.

Tun da ɗalibinmu kundi yake son rubutawa, bari in ƙara masa wannan. John von Neumann, wanda ya kafa harsashin lissafin dabarun wasa da maƙalarsa ta 1928, ya sake ɗauko foka a littafin da suka wallafa da Oskar Morgenstern a 1944. Ya sauƙaƙa wasan zuwa mutum biyu, ya warware shi, sai sakamakon ya nuna cewa mai wasa daidai yana zubawa ne da hannayensa mafi ƙarfi da kuma mafi rauni, matsakaitan kuwa ya wuce da su. Dalilin a fili yake idan an yi tunani: matsakaicin hannu yana iya ci idan an buɗe, don haka asara ce a mayar da shi abin burga, mafi raunin kuwa ba shi da wata hanyar ci sai ta tsoratarwa. Haka nan idan a zagayen ƙarshe kana zuba daidai girman tulin, daidaiton da zai hana a karanta ka shi ne hannu biyu na gaske a kan burga ɗaya.

Karanta fuska kuwa, ban ce ƙarya ba ne, amma sabon shiga ya fi ruɗar kansa da shi fiye da yadda yake amfana. Hannun da ke rawa yana iya zama na tsoro, yana iya zama na murna. Abin da ba ya ruɗi sosai shi ne tarihin zubin mutum: me ya yi kafin buɗi, nawa ya zuba, wane kati ya buɗe a ƙarshe a lokutan baya.

Injiniyar Kwamfuta:

Alhaji, akwai hujja a kan wannan daga ɓangarenmu. A watan Janairun 2017 wata manhaja mai suna Libratus, wadda Tuomas Sandholm da ɗalibinsa Noam Brown na Jami'ar Carnegie Mellon suka ƙera, ta kara da ƙwararru huɗu a birnin Pittsburgh na tsawon kwana 20, aka buga hannu 120,000, ta kuma doke su da tazara mai yawa. A 2019 magajiyarta Pluribus ta yi nasara a tebur mai mutum shida. Waɗannan manhajoji ba su da ido balle su kalli fuskar kowa, amma suna burga, kuma suna yin ta daidai gwargwado. Abin da sabon shiga zai ɗauka daga gare su shi ne ya daina tambayar kansa wane kati ne a hannun wance, ya koma tambayar waɗanne hannaye ne wance za ta buga ta wannan hanya. Da ƙanena ya yi haka, da ya ga cewa mai ƙari a kan wanda ya riga ya shiga, sannan ta ci gaba da zubi har sau uku, yawancin abin da za ta riƙe As da Sarki ne, ko Sarki da Sarauniya, ko tagwayen As, ko 'yan uku, kuma duk sun fi nasa.

Ɗalibi a Ingila:

Yaya, wannan ya buɗe mini ido, domin ni a lokacin katina kawai nake kallo. Ina da wata tambaya kuma. Sau da yawa nakan sami kati huɗu na dangi ɗaya, biyu a hannuna biyu a tsakiya, ina jiran na biyar. A irin wannan hali ban taɓa janyewa ba ko nawa aka zuba. Yaya ake gane lokacin da ya dace a biya?

Ɗan Kasuwar Kwari:

Wannan kam na san amsarsa. Katunan da za su cece ka 9 ne, tun da dangin 13 ne ka ga huɗu. Ana ninka 9 da huɗu a sami 36, wato fiye da ɗaya cikin uku ke nan, don haka ka biya kawai, damarka tana da yawa.

Injiniyar Kwamfuta:

Alhaji, ƙidayarka daidai ce, amma wurin amfani da ita ne ake yawan tuntuɓe. Ninkawa da huɗu tana ba da kimanin yiwuwar ne idan za a buɗe kati biyu, kuma ainihin adadin kashi 35 ne cikin 100. Sai dai abin da kake biya a wannan zagaye kati ɗaya kawai yake saya maka, domin idan na huɗu bai zo daidai ba za a sake zuba maka wani. Ba a amfani da 35 ɗin sai idan wani ya riga ya tura duk abin da yake da shi, babu sauran biya a gaba. In ba haka ba da biyu ake ninkawa. Bayan buɗin kati na huɗu, alal misali, ka ga katuna shida, saura 46 da ba ka gani ba, 9 cikinsu naka ne, wato kashi 19.6 cikin 100, kusan ɗaya cikin biyar.

Daga nan sai ka auna da farashi. A ce tulin 200 ne, abokinka ya zuba 100. Za ka biya 100 don ka ci jimlar 400, har da naka, wato kana bukatar kashi 25 cikin 100, kai kuwa ƙasa da 20 gare ka, don haka janyewa ce daidai, sai fa idan kana da tabbacin zai ƙara biyanka da yawa idan katin ya zo. Amma da 40 ya zuba a kan 200 ɗin, za ka biya 40 don ka ci 280, wato kusan kashi 14, a nan biya ne daidai. Katin hannunka bai canza ba, farashi ne ya canza. Haka za ka yi da jere, wato kati biyar masu lambobi a bi da bi: mai jiran ɗaya daga ɓangarori biyu yana da katunan ceto 8, mai jiran na tsakiya kuwa 4 kawai, kuma wannan na biyun shi ne ya fi cinye kwabban 'yan koyo. Ka kuma juya lissafin idan kai ne mai babban hannu: kada ka zuba ɗan kaɗan ka sayar wa mai jira kati da araha.

Ɗan Kasuwar Kwari:

Hajiya, na karɓi gyara. Ashe shekara da shekaru ina ɗauke da rabin ƙa'ida ne.

Tsohon Ɗan Karta:

Na daɗe ina karanta wannan zaure ban taɓa rubutu ba, amma yau ba zan iya yin shiru ba. Duk abin da Malam da Hajiya suka faɗa na san shi, na haddace shi, kuma bai hana ni rasa jarin shagona ba a lokacin da nake zaune a ƙasar waje. Ni ma da kwabban wasa na fara. Abin da ya ja ni shi ne labarin Chris Moneymaker, wani akanta daga jihar Tennessee, wanda ya sami kujera ta hanyar ƙaramar gasa a intanet ya je ya ci babbar gasar duniya ta 2003, ya doke mutum 838 ya tafi da dala miliyan 2.5. Bayan shekara uku masu shiga gasar sun kai 8,773, kowace kujera dala 10,000, kuma kusan tara cikin goma sun koma gida ba ko sisi. Wannan ɓangaren ban tsaya na lissafa shi ba a lokacin.

Akwai abubuwa biyu da teburinku na ɗakin girki ba zai koya maka ba, ƙanena. Na farko la'ada. A inda ake sa kuɗi, mai gidan yana cire wani kaso daga kusan kowane tuli, yawanci wajen kashi 5 cikin 100 har zuwa wata iyaka. Idan mutum takwas masu ƙwarewa ɗaya suka zauna, dukkansu asara za su yi a hankali, shi kaɗai ke da tabbacin riba. Na biyu zuciya. Na tuna wani dare da na shiga da tagwayen As a kan tagwayen Sarki da duk abin da ke gabana. Na san ina da kusan kashi 82 cikin 100, amma Sarki ya fito a katin ƙarshe. Lissafi ya ce hakan zai faru kusan sau ɗaya cikin biyar, kuma na yarda da lissafin, amma hannuna ya riga ya sake tura kuɗi kafin in gama tunani. Daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa kiran asalatu ina buga hannayen da na san tarkace ne, ina neman in rama, ina jin kiran salla ta taga ina cewa bari in gama wannan. Kuɗin da zan biya masu kawo mini kaya ne suka tafi a daren.

Kada ka ce ai ni ban iya ba ne. Stu Ungar ya ci babbar gasar duniya sau uku, a 1980 da 1981 da 1997, kuma da yawa suna ganin ba a yi kamarsa ba, amma a 1998 aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin masauki a Las Vegas yana da shekara 45, miliyoyin da ya ci duk sun bi caca da ƙwaya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ko a wasan roban ma, ka sa wa kanka doka: duk lokacin da ka ji ranka ya ɓaci bayan wani hannu, ka tashi ka sha ruwa, ka bar rabo biyu ko uku su wuce. Idan ka kasa yin haka a kan roba, to ka san abin ya fara kama ka, ka bar shi gaba ɗaya.

Kawu daga Zariya:

Allah ya mayar maka da alheri, ɗan'uwa, ya kuma saka maka da wannan gaskiya da ka faɗa, domin ba kowa ne zai iya tona cikinsa haka don amfanin yaro ba. Ɗana, ka karanta saƙon nan sau biyu.

Ɗalibi a Ingila:

Na karanta, Kawu, kuma Baba na gode ƙwarai, Allah ya rufa asiri. Ga rahoton daren jiya. Na tafi da ɗan littafi na rubuta kowane hannu. An yi rabo 46, na shiga 9 kawai, kuma a karon farko na kai cikin ukun ƙarshe. Hannu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Ina kujerar mai rabo da As da 10 na dangin zuciya, na yi ƙari, 'yar ajin nan tamu ta biya. Buɗin farko ya kawo zuciya biyu, na huɗu bai kawo ba. Tulin ya kai 300, ta zuba 300. Na lissafa cewa zan biya 300 don in ci 900, wato ina bukatar kashi 33, ni kuwa ko na haɗa da As uku da suka rage katunan cetona 12 ne cikin 46, kusan kashi 26. Na janye. Sai wani ya ce a buɗe katin ƙarshe a gani, ya fito 6 na zuciya. Na tashi na sha ruwa kamar yadda Baba ya ce, amma har yanzu ina tambayar kaina ko na yi kuskure.

Malamin Lissafi:

Kafin in amsa, nawa ya rage a gabanta bayan ta zuba 300 ɗin?

Ɗalibi a Ingila:

Kwabban maki 150 ne suka rage mata, Malam, na rubuta shi a littafin.

Malamin Lissafi:

To ba ka yi kuskure ba, ɗana. Ko da a ce za ta biya ka duk 150 ɗin a zagayen ƙarshe, abin da za ka ci 750 ne ban da 300 ɗin da za ka biya, jimla 1,050, wato kana bukatar kusan kashi 29, kuma 26 ɗinka ma da kyautata zato ne, domin idan tana da 'yan uku ko tagwaye biyu, As ɗin nan uku ba za su cece ka ba. Da a ce 600 ne a gabanta, da maganar ta canza. Fitowar 6 na zuciya ba ta shiga lissafin, don sau ɗaya cikin biyar dama katin zuciya zai fito, kuma ina ba ku shawara ku daina buɗe katin da ba a biya ba, yana koya wa mutum nadamar abin da ya yi daidai. A mako mai zuwa ka ƙara layi ɗaya a littafinka, ka riƙa rubuta kujerar da kake zaune a kowane hannu, musamman kujeru biyu na zubin dole, domin ina zargin a nan ne sauran kwabbanka ke zurarewa. Ka kawo mana adadin mu duba tare.